Karatun Tsakiyar Mako: Abin da Ke Riƙe da Ƙananan Majami'un Kudancin Kano

Matafiyin da ya baro Kano ta hanyar Zariya, in ya kai Kwanar Ɗangora ya karya ya nufi Tudun Wada da Doguwa, abin da idonsa zai fi gani shi ne gonakin masara da rake da shinkafa, sai kasuwannin bakin titi, sai kuma duhun dajin Falgore. Daga cikin mota ba zai hango ƙananan majami'un da ke ƙauyukan nesa da kwalta ba: ɗaki guda na jar ƙasa ko na bulo, rufin kwano, 'yan bencina, da wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiya ana bugawa a madadin ƙararrawa. Masu sujada a cikinsu ba 'yan cirani ba ne. Hausawa ne haifaffun wurin, akasarinsu jikokin Maguzawa, da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙa, da ita suke binne matattunsu.

Me ke riƙe da irin wannan ikilisiya? Da yawansu ba su da fasto mazauni, sai mai bishara guda da ke zagaya ƙauyuka a kan babur. Baikon ranar Lahadi bai taka kara ya karya ba. Matasa suna ta kwarara birni. Kewaye da su kuma akwai al'ummar Musulmi mai rinjaye, mai makarantu da malamai da daɗaɗɗen tarihin ilimi. Duk da haka waɗannan majami'u sun ga 'ya'ya, sun ga jikoki. Amsar da ta fi kusa da gaskiya tana cikin wani zama maras kwarjini a ido: taron nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, da ajin makarantar Lahadi, da zaman Zumuntar Mata. Wa'azin Lahadi yana faɗa wa jama'a abin da ya kamata su gaskata, amma a wannan zama ne suke juya maganar a bakinsu har ta zama tasu.

Yadda littafin ya iso

Kafin a zauna karatu tare, sai da aka sami abin karantawa. Aikin fassara ya faro ne nesa da ƙasar Hausa. Wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, shi ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Sabon Alkawari ya kammala a 1880. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda Dokta Walter Miller ke cikinsa, ya isa Kano, amma Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Miller ya yi zamansa a Zariya, kuma shi ne jigon aikin da ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An fitar da sabuwar fassara a 1979, wadda har yau take hannun jama'a a majami'u da yawa.

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na barin addininsu yadda yake. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, ƙungiyar SIM ta shigo ƙasar Kano ta ƙofar magani: asibitin kutare na Yadakunya, asibitin ido na Sabon Gari da aka buɗe a 1943, da ɗakunan shan magani a karkara. Ta kuma kafa makarantar horar da masu bishara a Tofa. A 1954 majami'un da suka fito daga SIM suka tsaya da ƙafafunsu da sunan ECWA. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a Arewa, ta nuna cewa 'yan ƙasa ne suka ɗauki mafi nauyin aikin: majinyata da ma'aikatan magani da ɗalibai da matafiya, waɗanda suka koma garuruwansu da iya karatun boko da ƙananan littattafai a aljihu.

Lokacin da Joseph Greenberg ya yi bincikensa a cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar da mutane masu manyan gidajen gandu, masu yi wa iskoki yanka, masu dafa giya a bukukuwa. Cikin shekarun da suka biyo baya wannan tsohuwar hanya ta yi ta ja da baya, wasu suka musulunta, wasu suka zama Kirista. A farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Sardauna ke rangadinsa na musuluntarwa, majami'u ma suka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya dogara ga ƙananan rukunonin addu'a a gidaje. Ga Bamagujen da ya zaɓi coci, shiga addini da koyon karatu tafiya ɗaya ce. Ajin shirin baftisma shi ne ajin yaƙi da jahilci na farko da mutane da yawa suka taɓa zama a ciki.

Abin da ke faruwa a zaman

Fasalin zaman ba shi da wuyar fahimta. Bayan an dawo daga gona an ci tuwo, sai a hallara a majami'a ko a tsakar gidan wani dattijo. A rera waƙa, a yi addu'a, a buɗe sura. Masu iya karatu su karanta aya aya bi da bi, waɗanda ba su iya ba su kasa kunne. Daga nan jagora ya jefa tambaya: me aka ce a nan, me ake nufi, me kuma wannan ke nema daga mutanen da ke zaune a wurin?

Wanda ya tashi a karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san ɗalibi yana jan baƙi malam yana fassara, ya kuma san cewa ilimin da aka ɗauka a gaban mutane ya fi wanda aka tsinta a kaɗaice zama a zuciya. Sai dai akwai bambanci guda mai girma. A zaure, nassin na Larabci ne, saboda haka ɗalibi yana buƙatar malami tun daga matakin sanin ma'anar kalma. A majami'ar ƙauye kuwa nassin ya riga ya zo da harshen gida, don haka tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana jin sa kai tsaye, tana kuma iya tofa albarkacin bakinta. Wannan ne abin da Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya, ya gina littafinsa na 1989 a kansa: fassara nassi zuwa harshen mutane tana fitar da wani yanki na iko daga hannun wanda ya kawo saƙon, ta damƙa shi ga waɗanda suka karɓa.

A karkarar Kiru ko Bebeji wannan iko yana da ƙarfi ƙwarai, domin duniyar da littafin ke bayyanawa ta fi kama da tasu fiye da ta Turawan da suka kawo shi. Akwai shuka da girbi, akwai rijiya da garken tumaki, akwai fari da yunwa, akwai rikicin kishiyoyi da gardamar gado. Idan aka karanta misalin mai shuka a Markus sura 4, manomin da ya san fako da ƙasa mai tsakuwa ba ya jiran kowa ya gaya masa dalilin da ya sa irin da ya faɗa kan dutse ke saurin tsira ya kuma saurin ƙonewa. Idan aka zo labarin Yusufu da tanadin hatsi na shekarun ƙoshi saboda shekarun yunwa, duk mai rumbu ya san inda maganar ta dosa. Wanda ya yi makarantar tauhidi yana kawo tarihin nassin, manomi yana kawo sanin ƙasa, kowannensu ya tashi da abin da bai zo da shi ba.

Abu uku ne ke fitowa daga wannan. Na farko hadda: ayar da aka karanta da ƙarfi, aka yi gardama a kanta, aka mayar da ita waƙa, ba ta saurin ɓacewa. Na biyu mallaka: mutumin da aka saurari fahimtarsa ba ya ƙara ɗaukar addinin a matsayin kayan aro. Na uku gyara: wanda ya karkatar da ma'ana don son ransa yana yin haka ne a gaban mutanen da suka san halinsa, suka san bashin da ake binsa, suka san yadda yake zaune da iyalinsa. A irin wannan zama wuya ne mutum ya yi dogon bayani kan gafara alhali kowa ya san shekara biyu ke nan ba ya gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Akwai wani aiki da Kirista Bahaushe ke yi wanda ɗan'uwansa na Enugu ko Ibadan bai cika fuskanta da irin wannan nauyi ba. Kusan duk kalmomin addini na Hausa sun biyo ta hanyar Musulunci ne. Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, azumi, sadaka, addu'a: da su liman ke huɗuba, da su fasto ke wa'azi. Masu fassara sun karɓi mafi yawansu, suka kauce wa wasu. Sun zaɓi Yesu a maimakon Isa, zaɓin da Barbara Cooper ta yi dogon nazari a kansa a littafinta na 2006 game da Kiristocin Maraɗi, domin ya shata iyaka tsakanin al'ummu biyu masu harshe ɗaya.

Kalmomin da aka yi tarayya a kansu su ne suka fi buƙatar zama. A bakin Musulmi, ceto ya fi nufin roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama. A bakin Kirista yana nufin kuɓuta daga zunubi ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa. Alheri a Hausar yau da kullum kyauta ce ko kyautatawa. A wasiƙun Bulus ya zama tagomashin Allah da mutum bai yi aikin komai ya cancanta ba. Yaron da ke jin ma'ana ɗaya a kasuwa da makaranta da rediyo, ya ji wata a coci, yana buƙatar wurin da zai yi tambaya ba tare da an yi masa dariya ba. Ikilisiyar da ta tanadi wannan wuri tana fitar da mutanen da suka san abin da suka gaskata, suka kuma san abin da maƙwabcinsu ya gaskata, ba tare da sun cakuɗa su ba. Irin waɗannan ne ke iya zama a inuwa ɗaya da Musulmi a yi hira kan Annabi Ibrahim ko Annabi Yusufu a tashi lafiya, kowa ya san inda aka haɗu da inda aka rabu.

Surorin da ke shiga cikin gida

Nazarin ba ya tsayawa kan kalmomi. Sabon tuba daga gidan Maguzawa yana da tambayoyin da ba sa jira. Kawunsa ya yi yanka a wurin tsafi, an aiko masa da nama: ya ci ko ya mayar? Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 8 da 10, ta yi magana kan wannan matsala kai tsaye, kuma amsarta ta rataya ne ga lamirin mai ci da na wanda ke kallonsa, abin da ke nufin dole a tattauna. Mutum ya shigo da mata biyu: ga Ibrahim da Yakubu a Tsohon Alkawari, ga kuma sharaɗin mace ɗaya da aka gindaya wa shugaban ikilisiya a wasiƙar Timoti. Wace za a saki, 'ya'yanta kuma su bi wa? Majami'u sun daɗe suna fama da wannan, kuma hukuncin hedikwata ba ya share hawayen da ake yi a ƙauye. Haka batun giya, wadda majami'un bishara suka hana alhali da ita ake gayya da biki a tsohuwar al'ada.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai babbar tambaya: shin mutum zai iya zama cikakken Bahaushe kuma cikakken Kirista? Mutane da yawa a ɓangarorin biyu suna ɗauka ba zai yiwu ba. A birni, Kirista Bahaushe kan gamu da Musulmin da ke mamakin jin sunansa, ya kuma gamu da Kiristan kudu da ke yi masa kallon shakka. Ƙungiyar Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ta Kiristoci Hausawa da Fulani da Barebari, ta taso ne daga wannan hali. Shi ya sa sura 15 ta Ayyukan Manzanni, inda taron Urushalima ya yanke cewa ba sai Ba'al'umme ya ɗauki dukan al'adun Yahudawa kafin ya zama mai bi ba, take da wani ɗanɗano na musamman a kudancin Kano. Jama'ar da ta karanta ta tare tana samun hujjar riƙe harshenta da suturarta da gaisuwarta da kunyarta, ba tare da jin cewa ta rage wani abu daga bangaskiyarta ba.

Kaso mai yawa na wannan aiki a hannun mata yake. Matan Maguzawa dama an san su da noma da neman na kansu, kuma Zumuntar Mata ta gāji wannan ƙwazo. Su ne ke ɗaukar ayar da aka nazarta su ɗora ta a kan kiɗan tulu da caki, su kai ta gidan suna da gidan makoki. Su ne ke zuwa gaida mara lafiya, su tara hatsi ga gwauruwa. Yaro kan fara jin labarin Dauda ko na Musa a bakin kakarsa tun kafin ya san harafi.

Ranar da karatu ke fuskantar gwaji

A ƙarshen watan Satumba na 2007 tarzoma ta ɓarke a garin Tudun Wada bayan wani zargin ɓatanci da ya taso daga makarantar sakandare. An rasa rayuka, an ƙona majami'u da shaguna, iyalai suka bar garin. Bayan irin wannan rana, jama'ar da ta koma ta buɗe littafi tana tarar da abu biyu a cikinsa. Akwai Zabura masu kuka da neman sakayya, akwai kuma koyarwar Yesu a kan dutse, a Matiyu sura 5, mai umartar ƙaunar maƙiyi. Mutum shi kaɗai, da raunin zuciya, zai buɗe inda ya dace da fushinsa ya tsaya a nan. A cikin taro kuwa akwai wanda aka ƙona wa shago, akwai kuma tsohon da zai tuna cewa maƙwabcinsa Musulmi ne ya ɓoye shi. Zaman yana ba baƙin ciki wurin fita, yana kuma hana shi zama shi kaɗai ne mai magana.

Wannan ne dalilin da ya sa batun ya shafi har wanda ba Kirista ba. Jama'ar da ta saba bin nassi daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ta saba tambayar mai magana inda ya samo maganarsa, tana da wuyar zugawa. Haka abin yake a majami'a, haka yake a zaure. Mai neman tayar da fitina ya fi samun kasuwa a wurin waɗanda suka san guntun aya ba su san abin da ke gabanta da bayanta ba.

Inda bangon ke tsagewa

Ba kowane zama ne ke haifar da wannan amfani ba. Akwai inda jagora ke karanta tambaya daga ɗan littafin da aka aiko daga hedikwata, ya karanta amsa, jama'a su ce amin a tashi. Akwai inda attajirin ikilisiya ko dattijo mafi shekaru ke rufe kowace muhawara, matasa da mata su yi shiru don kunya. Akwai kuma inda zaman ke rikiɗewa ya zama wurin nanata tsoro, kowane mako ana ƙara nisanta da maƙwabta. Littafin Ayyukan Manzanni ya yaba wa mutanen Biriya ne saboda sun riƙa bincika Nassosi don tabbatar da abin da Bulus kansa ya faɗa musu. In manzo bai fi ƙarfin a bincika maganarsa ba, mai bishara na ƙauye ma bai fi ba.

Sai kuma barazanar zamani. Waya ta kawo wa kowane saurayi masu wa'azi daga Legas da Abuja, wasunsu suna alkawarin arziki da warkarwa ga duk wanda ya aiko da kuɗi. Gajeren bidiyo a WhatsApp ba ya karɓar tambaya, ba ya kuma sanin wanda ke kallonsa. Ga kuma matsalar harshe: yaran da suka yi boko suna karanta Turanci da ƙyar, suna jin kunyar karanta Hausa, sai su tashi ba wan ba ƙanen. Idan aka wayi gari babu mai iya karanta sura ɗaya da Hausa a bayyane ba tare da tuntuɓe ba, abin da aka gina tun 1932 ya fara rushewa ke nan, ko da an yi wa majami'ar sabon fenti.

Tarihin wasu wurare yana da abin koyarwa a nan. John Wesley ya tara dubban mutane a filayen Ingila, amma abin da ya riƙe tafiyarsa bayan mutuwarsa shi ne ƙananan azuzuwan mutum goma sha biyu da aka fara a Bristol a 1742, inda talakan mai bi ke jagorantar 'yan'uwansa mako mako. Cocin Katolika a gabashin Afirka ma ya ɗauki ƙananan al'ummomin Kirista a matsayin ginshiƙin aikinsa tun shekarun 1970, saboda limamai ba su isa ba. Darasin ɗaya ne: inda shugabanni suka yi ƙaranci, jama'a ce ke ɗaukar kanta, in an koya mata yadda za ta yi.

Saboda haka 'ya'yan waɗannan ƙauyuka da suka zama likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki a Kano da Kaduna da Abuja suna da abin dubawa. Gudummawarsu ta fi tafiya ga rufin kwano da lasifika da janareto, domin su ne ake gani a ranar buɗewa. Amma kwalin Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan haruffa saboda tsofaffi, da fitilar sola, da ajin karatun manya a lokacin rani, da kuɗin motar dattijo ɗaya ko uwar zumunta ɗaya zuwa kwas na mako guda kan yadda ake jagorantar tattaunawa, duk ba su kai kuɗin lasifika mai kyau ba, kuma su ne ke taɓa jijiyar abin. Hukumomin majami'u su ma ya kamata su auna mai bishara da yawan mutanen da ya koya wa buɗe littafi da kansu, ba da ƙarfin muryarsa kaɗai ba.

Ana iya ƙona ginin majami'a a yini ɗaya, an kuma taɓa yi. Ana iya ɗauke fasto a mayar da shi wani gari. Abin da ya rage wa ƙauyen bayan haka shi ne adadin mutanen da za su iya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ɗaya ya karanta, sauran su saurara, sa'an nan wata tsohuwa daga baya ta ce ba ta gane ba, a sake karantawa.